Ingila: Murhun Itace Ya Samu Kasuwa, Amma Kuɗin Yana Cikin Bututu

Tun daga shekarar 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Yukren ya sa farashin iskar gas ya yi tashin gwauron zabo a ƙasashen Turai, wata tsohuwar sana'a ta sake farfaɗowa a ƙasar Ingila, wato sana'ar girka murhun ƙarfe mai cin itace ko kwal a cikin gida domin ɗumama ɗaki. A watan Afrilu na waccan shekarar hukumar Ofgem, wadda ke ƙayyade farashin gas da lantarki a Birtaniya, ta ɗaga abin da matsakaicin gida zai biya a shekara zuwa fam 1,971. Kafin watan Oktoba kuwa lissafi ya nuna kuɗin zai kai fam 3,549, har sai da gwamnati ta sa baki ta tsayar da shi a kan fam 2,500. Magidanta da yawa da suka ga wannan lissafi sai suka waiwaya suka dubi wani rami da ke jikin bangon falonsu, wanda iyayensu suka toshe da katako ko bulo shekaru hamsin da suka wuce, suka fara tunanin sake hura wuta a cikinsa. Ƙungiyar masu ƙera murahu da dillalansu ta ƙasar ta bayar da rahoton cewa tsakanin Afrilu da Yuni na 2022 cinikinsu ya ƙaru da kimanin kashi 40 cikin ɗari a kan na wancan lokaci a shekarar da ta gabata.

Wannan batu ya shafi wasu daga cikin 'yan kasuwarmu kai tsaye. Akwai waɗanda suka sayi gidaje a Landan ko Mancesta ko Bamingam, ko dai saboda 'ya'yansu masu karatu a can ko kuma domin bayarwa haya, kuma galibin gidajen da kuɗin baƙo ke iya kaiwa gare su tsofaffi ne. Kimanin gida ɗaya cikin kowane biyar a Ingila an gina shi ne kafin shekarar 1919. Irin wannan gida da wuya a rasa gurbin wuta a falonsa, wani lokaci ma har a kowane ɗakin kwana, kuma dillali ba ya rasa nuna shi ga mai saye a matsayin abin ado da zai ƙara wa gida daraja. Abin da dillali ba zai faɗa ba shi ne, ramin da ake gani an gina shi ne domin wata irin wuta daban, kuma sayen murhun shi ne mafi sauƙi a duk cikin aikin.

Asalin ramin

Shekaru ɗaruruwa mutanen Ingila suna ɗumama gidajensu da buɗaɗɗiyar wuta a cikin wani gurbi da aka bari a jikin bango, wanda aka haɗa da bututun bulo da ya bi ta cikin ginin ya fita ta saman rufi. Har haraji aka taɓa ɗora wa wannan gurbi. A shekarar 1662, zamanin Sarki Charles na Biyu, an sa wa kowane murhu sule biyu a shekara, abin da ya sa wasu suka riƙa toshe nasu domin gudun mai karɓar haraji, har aka soke dokar a 1689. A ƙarni na 19, lokacin da masana'antu suka cika birane da ma'aikata, an gina dubban gidaje a jere manne da juna, kowanne da bututunsa, kowanne yana ƙona kwal.

Abin da ya kawo ƙarshen wannan zamani shi ne baƙin hazon da ya rufe Landan daga ranar 5 zuwa 9 ga Disamba, 1952, inda hayaƙin kwal ya haɗu da hazon sanyi ya tsaya cak a kan birnin. Da farko hukuma ta ƙiyasta mutum 4,000 suka mutu, amma binciken da aka yi daga baya ya kai adadin kusan 12,000. Wannan ne ya haifar da Dokar Tsabtace Iska ta 1956, wadda ta ba ƙananan hukumomi ikon ware yankunan da aka hana fitar da hayaƙi. Daga nan sai aka gano gas a Tekun Arewa a 1965, kuma tsakanin 1967 da 1977 aka juya dukan ƙasar zuwa amfani da shi. Tukunyar gas mai tura ruwan zafi cikin ɗakuna ta maye gurbin kwal, aka toshe ramukan, aka shafe su da fenti, wasu aka jingina musu talabijin.

Dalilin da ya sa mai son komawa ga itace ba ya komawa ga buɗaɗɗiyar wutar kakanninsa lissafi ne kawai. Buɗaɗɗen murhu yana barin kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na zafin da ya samar ya tsere ta bututu, ga shi kuma yana zuƙe ɗumin ɗakin ya yi sama da shi. Rufaffen murhun ƙarfe na zamani, mai ƙofar gilashi da 'yan ƙofofin daidaita iska, yana juya lissafin, ya bar wa ɗaki kashi 70 zuwa 80. Tunanin ba sabo ba ne, domin Benjamin Franklin na Amurka ya ƙera irin nasa tun wajen 1742, kuma kamfanoni irin su Jøtul na Norwe da Morsø na Denmak, waɗanda aka kafa a 1853, da ESSE na Birtaniya da aka kafa a 1854, har yanzu suna cikin kasuwar.

Abin da ke ɓoye cikin bango

To, a nan ne maganar take. Wannan ƙwarewa ta murhun ƙarfe, wato riƙe zafi a ɗaki, ita ce kuma matsalarsa idan aka haɗa shi da tsohon bututu. Bututun gidan ƙarni na 19 yawanci faɗinsa inci 9 ne a kowane gefe, wani ma ya fi haka nesa, domin an yi shi ne don wuta mai aika zafi da iska mai yawa zuwa sama. Murhun ƙarfe kuwa bakinsa inci 5 ne ko 6, hayaƙinsa kaɗan ne kuma bai kai na buɗaɗɗiyar wuta yawa da saurin tashi ba. Idan wannan ɗan hayaƙi ya shiga ƙaton bututu mai sanyi sai ya yi nauyi, ya huce tun bai kai sama ba. Tururin da ke cikinsa ya koma ruwa, ya haɗu da kunkunniya ya zama wata baƙar kwalta mai manne wa bulo. Kwaltar nan tana iya ratsa bango ta fito a ɗakin sama ta ɓata fenti da wari mai wuyar fita. Mafi muni, ranar da aka hura wuta mai ƙarfi tana iya kamawa, bututun kansa ya zama tanderu. A 'yan shekarun nan ma'aikatan kashe gobara na Ingila suna fita kan gobarar bututu sau dubu biyu zuwa uku a kowace shekara.

Sai kuma tsufan ginin. Dokar gine-gine ta 1965 ce ta fara wajabta a sa wa sabon bututu shafi daga ciki, kamar dai yadda tela ke yi wa babbar riga shafi. Gidajen da suka riga wannan doka ba su da komai a ciki sai yaɓe, kuma mai karatu zai yi mamaki idan ya ji cewa maginan Ingila na da can da farar ƙasa da kashin shanu suke kwaɓa wannan yaɓe, abin da ba baƙo ba ne ga wanda ya san ginin ƙasa a ƙauyukanmu. Yaɓen yana da ƙarko, amma shekara ɗari ta hayaƙin kwal mai tsami tana cinye shi, ta ci har turɓayar da ke tsakanin bulo. A gidajen da ke manne da juna, bututu da yawa suna tafiya kafaɗa da kafaɗa a cikin gini guda, abin da ya raba su bai wuce kaurin rabin bulo ba. Idan wannan shinge ya huje, hayaƙin falo yana iya fitowa a ɗakin kwanan yara, ko ma a ɗakin maƙwabci wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Hayaƙin da ake gani ba shi ne abin tsoro ba, domin yana sanar da kansa. Abin tsoro ita ce iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana sa mutum ciwon kai da kasala, ya kwanta barci ya zarce. Ita ce dai iskar da ke hallaka iyalai a nan ƙasarmu idan hunturu ya tsananta aka shiga da kaskon gawayi ɗaki aka rufe ƙofa da taga, ko aka kunna janareta a cikin gida. Bambancin kawai, a Ingila hukuma ta rubuta wa kowane mataki na aikin ƙa'ida saboda ita.

Yadda aikin yake tafiya

Mutumin farko da ake kira ba mai sayar da murhu ba ne, mai sharar bututu ne. Shi zai tura buroshi daga ƙasa har sama, ya fitar da kunkunniyar shekaru da ɓaraguzan yaɓe, sau da yawa har da sheƙar wani tsuntsu dangin hankaka mai son cika bututu da ƙirare. Bayan shara sai a zura 'yar kyamara a duba ciki, sannan a yi gwajin hayaƙi: a toshe sama da ƙasa, a kunna wani ƙulli mai fitar da hayaƙi, a bi ɗaki-ɗaki har ƙarƙashin rufi ana duban inda zai ɓullo.

Doka ba ta ce tilas a sa shafi a kowane tsohon bututu ba. Abin da ta ce shi ne a tabbatar bututun lafiyayye ne kuma ya dace da murhun da za a haɗa masa. Amma a aikace masu girkawa kaɗan ne za su yarda su sa hannu a takarda ba tare da shi ba, kuma a ganinmu suna da gaskiya. Shafin da aka fi amfani da shi wani dogon bututu ne mai lanƙwasuwa na ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda ake zurowa daga kan rufi har ya sauko bakin murhu. Iri biyu ne a kasuwa, mai lamba 316 wanda ya wadatar ga mai ƙona busasshen itace, da mai lamba 904 wanda ya fi tsada kuma ya fi jure tsamin hayaƙin kwal. Faɗinsa a ƙa'ida milimita 150 ne, sai dai an yarda da milimita 125 ga ƙananan murahun da hukuma ta tantance. Idan bututun yana jikin bangon waje inda sanyi ke bugunsa, akan naɗe shafin da bargon hana zafi fita ko a cika gefensa da wani tsakuwa mara nauyi. Tsawon bututu daga murhu zuwa sama ana so ya kai kimanin mita 4.5, domin in ya gaza haka ba ya zuƙar hayaƙi yadda ya kamata. Tun da aikin na kan rufi ne, gida mai hawa biyu ko uku yakan buƙaci a kafa ƙarafan hawa gini, wanda shi kansa kuɗi ne mai zaman kansa.

A ƙasa kuma birkila ne zai fasa abin da aka toshe ramin da shi, ya mayar da shi girman da magini ya bari tun asali. Wannan mataki shi ne wanda ba a iya yi masa farashi tun daga waje, domin babu wanda ya san abin da ke bayan bango sai an buɗe. Akan tarar da gicciyen da ke riƙe da bulon sama, wanda maginanmu ke kira linta, ya tsage ko an cire shi. Akan tarar da allon asbestos, wanda ƙurarsa ke jawo ciwon daji a huhu kuma Birtaniya ba ta gama haramta shi ba sai a 1999. Akan kuma tarar da tsohuwar tukunyar dafa ruwa da aka binne a bayan murhu aka yanke mata bututu aka manta da ita. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta ƙasar ta yi gargaɗi na musamman a kan irin wannan tukunya, domin idan wuta ta sake zafafa ta alhali a toshe take, tana iya fashewa kamar bam.

Daga nan sai ma'auni, kuma duk suna cikin wani kundi na dokar gine-gine da ake kira Kundi na J. Daɓen da murhu zai zauna a kai tilas ya zama na abin da ba ya cin wuta, ya fito aƙalla milimita 225 a gaban murhun da ake amfani da shi a rufe, milimita 300 idan ana iya barin ƙofarsa a buɗe, da milimita 150 a kowane gefe. Bututun da ya tashi daga kan murhu, idan ba mai rufi biyu ba ne, dole ya nisanci duk wani katako da ninki uku na faɗinsa, wato mai milimita 150 yana son tazarar milimita 450. Wannan ƙa'ida ce ke raba masu gida da kyakkyawan gungumen katakon da suke son ɗorawa a saman murhu domin ado. Sannan a rufe bakin tsohon bututun da farantin ƙarfe, ta yadda ɗumi ba zai tsere ba kuma tarkace ba zai faɗo ba.

Wuta tana numfashi kamar mutum. A tsohon gida mai shan iska ta tsagogin ƙofa da taga, murhun da ƙarfinsa bai wuce kilowat 5 ba ba ya buƙatar a huda masa bango. Da zarar ya wuce haka sai an buɗe kafar iska ta dindindin, murabba'in milimita 550 a kan kowane kilowat da ya ƙaru. Shi ya sa murhu mai kilowat 5 ya cika shaguna. Sai dai tsohon gidan da aka yi wa gyaran zamani, aka sa masa tagogi masu gilashi biyu aka toshe duk wata kafa, ya daina zama mai shan iska, kuma fankar zuƙe hayaƙi ta kicin tana iya jawo hayaƙin murhu ya dawo cikin falo. Gwani yakan kunna duk fankokin gidan ya rufe ƙofofi ya gwada kafin ya tafi. Masu saye kuma suna da wani kuskure da suka saba yi, wato zaɓen babban murhu saboda ramin babba ne. Ƙa'idar da 'yan sana'ar ke bi ita ce a auna tsawo da faɗi da bisan ɗaki da mita, a ninka su, a raba da 14, abin da ya fito shi ne kilowat ɗin da ake buƙata. Wanda ya sayi wanda ya fi ƙarfin ɗakinsa zai riƙa shaƙe masa iska domin rage zafi, wutar ta riƙa ci a hankali tana hayaƙi, kwaltar da aka guda ta dawo. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Abu na ƙarshe da ake mannawa shi ne ƙararrawar kabon monoksaid, wadda doka ta wajabta tun watan Oktoba na 2010 a duk ɗakin da aka girka sabon murhu, a tazarar mita 1 zuwa 3 daga gare shi. Ita ce mafi araha a duk kayan aikin.

Wani abin lura, a karkarar Ingila akwai tsofaffin gidaje masu rufin jinka, kuma a can ba alamar talauci ba ce, masu hali ne ke sayensu. Ga irin waɗannan gidaje ana son bakin bututu ya ɗara jinkar da mita 1.8, kuma kamfanonin inshora suna da sharuɗɗa masu tsauri kafin su yarda a hura murhun ƙarfe a ƙarƙashin ciyawa.

Takardar da ta fi murhun muhimmanci

Ga ɗan kasuwar da ya sayi gida domin jari, wannan shi ne sashen da ya fi kamata ya riƙe. Girka murhu aiki ne da doka ta ce sai an sanar da ƙaramar hukuma. Hanya biyu ce. Ko dai mai gida ya sanar da sashen duba gine-gine kafin a fara, ya biya kuɗin duba, jami'i ya zo ya gani ya ba da shaida, ko kuma ya ɗauki mai girkawa da ke da rajista da ƙungiyar da gwamnati ta amince da ita, wadda aka fi sani ita ce HETAS. Irin wannan ma'aikaci yana da ikon shaidar aikinsa da kansa, ƙungiyarsa ta sanar da hukuma, takardar shaida ta iso wa mai gida. Akan kuma manna wani ɗan allo a gidan mai bayanin irin bututun da abin da ya dace a ƙona a cikinsa. Idan gidan yana cikin jerin gine-ginen tarihi da hukuma ke karewa, akwai wani izini daban da za a nema kafin a taɓa bulo ko ɗaya.

Wanda ya ba wa wani mai araha aikin a ɓoye zai iya shan ɗuminsa shekaru ba wanda ya tanka masa. Ranar biyan bashi tana zuwa ne ta ɗayan ƙofa uku. Idan gobara ta tashi, kamfanin inshora zai tambayi takardar girkawa da shaidar shara, kuma rashinsu hujja ce da zai iya riƙewa ya ƙi biya. Idan aka tashi sayar da gidan, lauyan mai saye zai nemi takardar, rashinta ya jawo jinkiri ko ragin farashi ko kashe kuɗin neman shaida bayan aiki. Ta uku ita ce hukuma kanta: tun daga watan Oktoba na 2023 wa'adin da ƙaramar hukuma ke da shi na tilasta a gyara ko a rushe aikin da ya saɓa wa dokar gine-gine ya tashi daga wata 12 zuwa shekara 10. Araha dai ba ta ado.

Mai ba da haya yana da ƙarin nauyi. Tun 2015 doka ta ɗora masa alhakin sa ƙararrawar kabon monoksaid a duk ɗakin da ke da murhu mai cin itace ko kwal, kuma tarar ƙin yin haka tana iya kaiwa fam 5,000. Mai gidan da ke zaune a Kano ko Legas ba zai iya sanin irin icen da ɗan hayarsa ke cusawa a murhu ba, ko ɗanye ne, ko guntayen katako mai fenti da ya tsinto a bola. Saboda haka ra'ayinmu shi ne, gidan haya da mai shi ke nesa ba wurin murhun itace ba ne, ko da kuwa dillali ya rantse zai ƙara kuɗin haya.

Hayaƙi da hukuma

Kusan dukan Landan da manyan biranen ƙasar suna cikin yankunan hana hayaƙi. A cikinsu ba a ƙona itace sai a murhun da ma'aikatar muhalli, wato Defra, ta gwada ta sa a jerin waɗanda ta yafe wa. Dokar Muhalli ta 2021 ta ba ƙananan hukumomin Ingila ikon cin tarar fam 175 zuwa 300 a kan bututun da ke fitar da hayaƙi, kuma sayen makamashin da ba a amince da shi ba yana iya jawo tarar da ta kai fam 1,000, ko da yake hukumomin ba su cika zartar da tarar ba. Daga 1 ga Mayu, 2021 aka hana sayar da ɗanyen itace a ƙananan ɗauri da kwal ɗin gida na cikin buhu, sannan a watan Mayu na 2023 aka rufe cinikin kwal ɗin gida gaba ɗaya a Ingila, ya rage sai dunƙulen kwal mara hayaƙi da makamantansa. Icen da za a sayar a ƙaramin awo tilas damshinsa kada ya wuce kashi 20 cikin ɗari, alhali sabon sare yana iya zama rabinsa ruwa ne. Haka nan daga 1 ga Janairu, 2022 duk sabon murhun da za a sa a kasuwa sai ya cika ƙa'idar rage hayaƙi da ake kira Ecodesign.

Duk da haka likitoci ba su gamsu ba. A rahotonsa na shekara da ya fito a Disamba 2022, babban jami'in lafiya na Ingila, Farfesa Chris Whitty, ya kwatanta yawan ƙananan ɓurɓushin hayaƙi masu shiga har cikin jini, waɗanda ake kira PM2.5, da kowace hanyar ɗumama gida ke fitarwa a kan zafi daidai wa daida. Buɗaɗɗen murhu ya ba da giram 2,950, sabon murhu mai cika ƙa'ida ya ba da giram 335, tukunyar gas kuwa ko giram ɗaya ba ta kai ba. Kowane ɓangare ya ɗauki abin da ya yi masa daɗi a cikin waɗannan alƙaluma. Masu ƙera murhu suna cewa wanda ya cire buɗaɗɗiyar wuta ya sa nasu ya rage hayaƙi kusan ninki tara, kuma gaskiya ne. Masu fafutukar lafiya suna cewa wanda ya buɗe ramin da ya shekara hamsin a toshe bai rage komai ba, ya ƙara wa unguwa hayaƙin da ya ninka na gas sau ɗari huɗu da wani abu, wannan ma gaskiya ne. Ga mafi yawan gidajen birni, inda gas yake tun da can, magana ta biyu ce ta fi dacewa da su.

Alamu kuma sun nuna inda hukuma ta dosa. A Janairu 2023 gwamnati ta bayyana niyyar rage hayaƙin da aka yarda sabon murhu ya fitar a yankunan hani daga giram 5 zuwa giram 3 a awa. Gwamnatin Sukotlan ta wuce nan, domin a Afrilu 2024 ta kafa ƙa'idar da ta kusa hana sa murhun itace a sababbin gidaje, amma mutanen tsaunuka da tsibirai, waɗanda guguwa ke yanke wa lantarki kwana da kwanaki, suka yi ca a kanta, ta janye kafin shekarar ta ƙare.

Lissafin riba

Murhun kansa ana samunsa daga 'yan ɗaruruwan fam zuwa fam dubu biyu ko uku, gwargwadon suna da nauyin ƙarfe. Shara da gwaji da shafi da aikin birkila da daɓe da hawa rufi da ladan gwani kuwa sau da yawa suna kamo kuɗin murhun, wani lokaci su wuce shi. Bayan nan akwai kuɗin da ba ya ƙarewa: shara sau biyu a shekara ga mai ƙona itace, sauya igiyar bakin ƙofa da tubalan ciki idan sun ci wuta, shi kansa shafin ƙarfen kuma yana da iyakar shekarunsa.

Ko kuɗin zai dawo, wannan ya dangana ga inda icen yake fitowa. Kilo ɗaya na busasshen itace yana ɗauke da zafin da ya kai kimanin awon lantarki huɗu. Manomin karkara da ke da itatuwansa da rumfar da zai shanya su shekara ɗaya ko biyu, wanda kuma bututun gas bai iso ƙauyensa ba, ribarsa a fili take, ga kuma kwanciyar hankali ranar da wutar lantarki ta ɗauke. Mazaunin birni da zai sayi icen da aka busar a tanderu, wanda kaso mai yawa nasa daga Latbiya da maƙwabtanta ake shigo da shi, lissafinsa daban ne. A 2022 farashin wannan ice ya tashi tare da na gas, domin masu saye sun yi yawa kuma takunkumi ya tsayar da katakon Rasha da Belarus. Daga baya gas ya sauko, inda a watan Yuli na 2024 ma'aunin Ofgem ya koma fam 1,568, amma wanda ya riga ya fasa bango ya biya kuɗinsa. Murhu kuma ɗaki guda yake ɗumamawa, sauran gidan da ruwan wanka suna nan a kan gas.

Wanda ya auna duk wannan ya ga har yanzu yana so, to lokacin neman ma'aikata shi ne tsakiyar shekara zuwa watan Satumba, kafin sanyi ya shigo layi ya yi tsawo, domin a ƙarshen 2022 masu girkawa da yawa sun cika da aiki na watanni. Amma idan mai shara ya leƙa ya ga hankakan nan ya riga ya yi ƙwai a ciki, aiki ya tsaya, saboda Dokar Namun Daji ta 1981 ta haramta taɓa sheƙar da tsuntsu ke amfani da ita. Sai an jira 'ya'yan sun tashi, galibi zuwa ƙarshen watan Agusta, kafin a zura buroshi.